Shekarar da Na Sauke Rufin Soron Baba

Kun girma kuna jin ana cewa ubanku ne ya rushe soron kakanku. Ba ƙarya aka yi muku ba, ni ne. Da hannuna na yi, da diga, rana tsaka, ban shawarci kowa ba. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, ni ma ban taɓa zaunar da ku na faɗa ba, don duk lokacin da na ɗauko maganar sai in ji na gaji tun ban fara ba. Yanzu Yaya Garba ya rasu, babu sauran wanda za mu yi musu da shi, shi ya sa zan rubuta. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in kun ga wani wuri ya karkace ku miƙe shi a ranku ku wuce.

Sai kun san soron tukuna. Ƙauyenmu yana tsakanin Bagudo da Illo, ba nisa da kogin Kwara, kuma a zamanin duk ɗakunan garin na jinka ne. Baba magini ne. Shi ya je fadama ya sare giginya, ya tsaga azara, ya gina soro guda a tsakiyar gidanmu, na farko a garin. Ba don ado ya yi shi ba. Iskar farkon damina a wajenmu ba ta da kunya, tana ɗauke jinka ta kai ta gonar wani, ga gobara kuma kowace shekara. Saboda haka duk abin da ake tsoron a rasa, a soro yake kwana: iri, tufafin salla, littattafai, da Inna, uwarmu. Da hadari ya taso daga gabas sai ka ji muryar Baba daga zaure, ku shigo soro, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga. Har maƙwabta sukan turo mana 'ya'yansu. Mun tashi da wannan kiran a kunne, ba ma tunani in mun ji shi, ƙafa ce kawai ke tafiya.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana hawa a ƙara wa rufin yaɓe. Ana ƙarawa ne, ba a taɓa ragewa ba, shekara wajen talatin. In an gama sai Baba ya danna tafin hannunsa a kan ɗanyar ƙasar, a kusurwar gabas kusa da indararo. Da ya rasu Yaya Garba ya ci gaba da yaɓen, amma in ya zo kusurwar nan sai ya kewaye ta. Ya kifa wani tsohon kasko a kai don kada ruwa ya wanke. Hannun Baba na ƙarshe ke nan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni ban gaji gini ba, yawo na gada, ban san daga wa ba. Na bi jirgin 'yan kifi na gangara Kwara, daga wannan aiki zuwa wancan, har na tsinci kaina lebura a gonar ayaba a Kamaru, gindin wani dutse da kansa ke cikin gajimare. Shekara guda kafin mulkin kai dutsen ya yi aman wuta ina nan. Kafin ya yi, ƙasa ta kwana biyu tana motsi ƙarƙashinmu, kwano ya yi ta rawa a kan akwati ba wanda ya taɓa shi. Sannan gefen dutsen ya buɗe. Abin da ya fito ba irin wutar da kuka sani ba ce. Tudu ne na baƙin gawayi, ya fi ɗaki tsawo, yana tafiya a hankali kamar tsohuwa, in ɓawon ya zube sai ka ga cikinsa ja kamar ƙarfe a maƙera. Itace tun bai taɓa shi ba yake kamawa. Mutane har zuwa kallo suke yi, don ko gurgu zai tsere masa.

Ba wutar ce ta kashe wanda na sani ba. Akwai Audu, Bazabarme, mutumin koginmu ne, tare muke cin abinci. Ɗakunan kwananmu na katako ne da kwano, sun yi ta kaɗawa ba su faɗi ba. Amma madafinmu na tubalin ƙasa ne mai kauri, ya tsage tun girgizar farko, muka dube shi muka ce ai yana tsaye. Rana ta uku Audu ya shiga ɗauko tukunya, ƙasa ta ɗan motsa, motsin da bai kai rabin na farko ba, bangon ya zauna a kansa. Ni na kama ƙafarsa muka jawo shi.

Akwai wani ma'aikacin safiyo mai awon ƙasa, Malam Yakubu, mutumin Yola, da nake ɗaukar wa kaya wani lokaci. Shi na tambaya, don na kasa cin abinci. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ɗauko sakaina biyu ya haɗa bakinsu, ya ce in duba. Ya ce ƙarƙashin ƙasar da muke nomawa dutse ne, kuma dutsen ba guda ba ne lafiyayye, yana da tsaga kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke. Gefen nan yana danna gefen can, shekara da shekaru, sun cije ba mai motsi. Ya yi ta danna sakainun da ƙarfi, sai suka goce, ƙaras. Ya ce wannan gocewar ita ce girgizar ƙasa. Can ƙasa sosai kuma akwai zafin da ke narka dutse, in narkakken ya sami tsaga sai ya bi ta ya hau, kamar kunu in ya tafaso ya ɗaga murfi, shi ne aman wutar. Na ce to ikon Allah fa? Ya ce duk ikon Allah ne, ruwan sama ma ikon Allah ne amma ka san ta gabas yake zuwa.

"Girgiza ba ta cika kashe mutum a fili ba, Mamman," in ji shi. "Abin da mutum ya ɗora bisa kansa shi ke kashe shi. In ta zo kana bakin ƙofar ginin ƙasa, fita fili, nesa da bango. In ta rutsa ka can ciki, shiga ƙarƙashin gado ka rufe kanka da hannu. Kuma takan dawo da 'yan ƙanana a baya. Bangon da ya tsage, kada ka ƙara amince masa."

Da wannan na dawo gida a shekarar mulkin kai. Na ba da labarin a zaure muna cin tuwo, ni da Yaya Garba akushi guda kamar kullum, da mutanen unguwa. Kuskurena na farko ke nan. Aka yi dariya har wani ya ƙware.

"Dutse yay yi amai," in ji Yaya Garba yana share hawaye. "To mi yac ci? Mamman, in ba ka samo komai ba can, ka ce ba ka samo ba. Gidanku ne, ba mai korar ka."

Daga ranar sunana ya koma Aman Dutse. Yara ma haka suke kirana. Na auri uwarku Tumba, na kama noma. Amma abin ya zauna mini a ciki, ba zan ɓoye muku ba.

Da bazara abin ya faru, bayan la'asar, ana zafin da ko kaza ba ta son motsi. Yaya Garba ya ƙetara iyaka zuwa kasuwa a ƙasar Dahome da jakunansa. Ina gyara ƙotar fartanya a tsakar gida, Hajo matar Yaya tana daka, sai muka ji ruri kamar babbar mota na tahowa, alhali mota ba ta bin hanyarmu. Tantabaru suka tashi gaba ɗaya. Ruwan randa ya fantsalo da kansa. Ƙasa ta ja ƙarƙashin ƙafata ta saki. Duka-duka bai kai a karanta Fatiha ba, amma ni na san shi kamar yadda ake sanin muryar maƙiyi. Hajo ta yar da taɓarya ta ƙwala kira, ku shigo soro! Ba laifinta ba ne. Abin da aka koya mata ke nan tun ranar da aka kawo ta gidan. Kafin in miƙe, mata da yara tara sun dunƙule a ciki, ƙarƙashin yaɓen shekara talatin, ƙura na zubo musu daga azara.

Ban san abin da na yi ta faɗa ba. Na san na shiga ina fizgo yara ina jefawa waje. Na ja Hajo da hannu, matar yayana, abin da ban taɓa yi ba, ta faɗi a bakin ƙofa ta gurje gwiwa. Inna tana kan gadonta da carbi ta ce ba inda za ta. Na sungume ta kamar dami na fito da ita, tana dukan bayana.

"Sauke ni, ɗan banza! Ni ka ɗauka gaban surukaina? Haukan Kamarun ne yat tashi?"

Na dire ta gindin turmi. Soron yana tsaye. Kowa ya dube shi, ya dube ni. Amma da na kewaya baya sai na ga tsaga tun daga ƙasa har inda azara ta hau bango, na sa hannuna ya shige har wuyan hannu.

Garin ya kwana biyu ba a maganar komai sai ita. Tsofaffi suka ce bijimin da ke ɗauke da duniya ne ya sauya ƙaho. Masu jin rediyon hakimi suka ce bom ɗin da Faransa ke fasawa a hamada ne. Wani ya ce ƙasa ce ba ta yarda da tafiyar Turawa ba, wani ya ce murna take yi. Liman ya ce a yi sadaka, aka yi, ni ma na ba da gero. Ba wanda ya mutu, rumbu biyu ne suka tsage, sai wata rijiya da ruwanta ya gurɓace. Da Yaya Garba ya dawo ya ce su ma can sun ji, har tulunan wata mai fura suka kife. Na ce ka gani, Yaya, dutsen da ke ƙasa guda ne, bai san inda Bature ya kafa ginshiƙin iyaka ba. Bai yi dariya ba wannan karon, don Hajo ta riga ta nuna masa gwiwarta. Na kai shi bayan soro na nuna masa tsagar, na gaya masa labarin Audu, na ce a sauke ƙasar rufin a yi jinka, ko a fitar da Inna.

"Tsaga ce. Tun ba a haife ka ba nike liƙe tsaga," in ji shi. "In na dawo kasuwa mai zuwa in kwaɓa ƙasa in cike ta, mu hau mu yi yaɓen bana."

"Ƙara mishi nauyi za ka yi? Yaya, bangon ya rabu da ɗan'uwansa."

"Kai ne magini ko ni? Ɗakin ga ya tsare ka daga iska, ya tsare ka daga wuta, ƙasa ta girgiza bai faɗi ba. Mi kake so ya yi maka kuma, ya yi magana?"

Na je wurin Inna. Ta ce a ɗakin nan ta haifi autanta, a nan mijinta ya cika, in rufin zai faɗo mata to dama shi ya ɗora shi. Na dubi azarar da ke daidai kan gadonta. Kwana goma na yi ina shiga gaishe ta da safe, idona na sama, tana magana ba na ji. Ga damina na matsowa, ƙasar rufi in ta sha ruwa nauyinta ninkawa yake.

Ranar da Yaya Garba ya sake ƙetarawa, aka yi dace ana suna a Kurgu gidan ƙanwar Inna. Ni na zuga ta ta je, ni na ɗora ta a jaki, na ce ta kwana biyu ta huta. Hajo ta raka ta. Wannan yaudara ce, na sani. Suna ɓacewa muka fitar da kayan soron ni da uwarku, muka jera a inuwa. Ta ce, Mamman, ka san abin da za ka yi? Na ce na sani. Ban sani ba. Na kafa tsani na hau da diga.

Ƙasar ta fi kamu guda kauri. Ina sara ina ganin yaɓen hawa-hawa, na kowace shekara da launinsa, wani ja wani fari, gwargwadon ramin da aka ɗebo. Mutane suka taru a bakin zana suna kallo, ba wanda ya hau ya hana ni, sun ɗauka taɓuwa ce. Na yi niyyar in bar kusurwar gabas sai ƙarshe, in yanko hannun Baba a hankali da wuƙa in ajiye wa Yaya. Wallahi na yi wannan niyyar. Da na kai kan azarar da ke gefen tsaga sai na ga uku daga ciki sun zame, abin da ya rage a kan bango bai fi yatsa biyu ba, bakinsu kuma gara ta cinye, kana dannawa yana zama gari. Na kira uwarku ta hau tsani ta gani. Ita kaɗai ta gani. Na juya in kira wani dattijo ya zo ya shaida, ƙafata ta taka azarar da ke kusa da su, sai gefen gabas gaba ɗaya ya tafi ciki. Na rataye a bango. Da ƙura ta lafa, azarun sun kakkarye a daidai inda gadon Inna yake zama, kaskon ya fashe, hannun Baba ya koma ƙasa kamar sauran ƙasa. Na sauka na yi ta tonawa da yatsu har magariba. Ban sami ko yatsa guda ba.

Yaya Garba bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini. Ya sauke wa jakunansa kaya, ya ba su ruwa, ya shiga ya tsaya cikin kangon yana duban sama. Na fara ba shi labarin azara uku, ya ɗaga mini hannu.

"Ina hannun?"

Na nuna masa tarin ƙasar da fasasshen kaskon.

"Azara ka nuna min ta karye bayan ka hau kanta da diga. To, na gani. An yi maka dariya a zaure, ka rama. Ka rama, Mamman. Allah shi ba ka lada."

Da aka kawo tuwo ya ce a raba akushi. Tun ina yaye muke ci tare. Bayan kaka na kwashe uwarku muka koma Bagudo, aka ce na gudu don kunya, ban musa ba. Shekara ashirin da wani abu muna gaisawa a jana'iza da suna, ina kwana Yaya, lafiya lau Mamman, shi ke nan. Ku da 'ya'yansa kuka tashi kamar baƙi, wannan kuma ni na jawo muku.

Ga abin da nake so ku sani, ba tare da na wanke kaina ba. Girgizar ba ta dawo ba. Ko 'yan ƙananan da Malam Yakubu ya ce, ban ji ko ɗaya ba. Ƙasarmu ba irin ta gindin dutsen nan ba ce, takan yi tsawon ran mutum ba ta motsa ba. Ko rufin zai faɗo a daminar nan, ko zai ƙara shekara goma, ban sani ba, Allah ne ya sani. Kuma maganar Yaya akwai gaskiya a ciki. Tsoro ne ya hau da ni tsanin, amma sara biyu ko uku na farko, na ji daɗinsu. Da na tara dattawa na sa an hau an tona gefe guda a gabansa, da wataƙila hannun yana nan, akushin ma guda. Gaggawa na yi don na gaji da a ce mini Aman Dutse. Inna ta shekara goma sha ɗaya a bayan haka, a cikin bangon nan dai, da jinka a kai. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Sau ɗaya na kai mata goro ta ce ɗakin ya fi iska yanzu, ta kawar da kai.

Bara da na je zaman makokin Yaya Garba, bayan an watse, na kewaya bayan ɗakin ban san dalili ba. Tsagar tana nan. Magini ɗan magini, mutumin da ba ya iya ganin ramin ɓera bai liƙe ba, ya bar ta a buɗe shekara ashirin da wani abu. An dai tokare bangon da gungumen giginya biyu. Ina tsaye sai ga Hajo ta fito zubar da ruwa, ta tsufa, tana ɗingishi.

"Aman Dutse," ta ce, "kana duban aikinka?"

Na ce me ya sa ba a liƙe ba.

"Kowace shekara sai na ce mishi, shi ce a bar ta, yana son shi riƙa ganin ko tana ƙaruwa. Da kara yake aunawa. Kuma tun da anka yi hanyar mota, in babbar mota ta wuce ƙasa ta yi ruri, sai ka ji shi daga zaure yana kiran jikoki."

"Su shigo?"

"Su fito fili. Har dariya muke mishi."

Na ce bai taɓa gaya mini ba. Ta ce kai ma ba ka taɓa zuwa ka ce ya yafe maka hannun ba, kullum azara uku, azara uku. Ta zubar da ruwanta ta shige.

Gaskiyarta. Na sa hannuna a tsagar, ya shige har wuyan hannu, daidai inda ya tsaya a wancan karon. Karan da yake aunawa yana soke a jinka, duk ya yi baƙi don riƙo. Ban ɗauko ba, nasu ne.

To kun ji. In ƙasa ta motsa a zamaninku, ko an kira ku soro kada ku shiga. In kuma salla ta zo ku je ku gaishe da Hajo, ku zauna ku ci abinci da 'ya'yan Yaya Garba, a kwano guda. In sun ce ubanku ne ya rushe soron, ku ce e, shi ne, ku ci gaba da cin tuwonku.